Katafariyar Rumfa Ɗaya ko Matsakaiciya Mai Karɓar Ƙari: Zaɓin da ke Gaban Masu Gina Wurin 'Yan Kallo a Filin Sukuwa

Hukumar da ta ƙuduri aniyar gina sabuwar rumfar 'yan kallo a filin sukuwa takan fara ne da tambayar mutum nawa ginin zai ɗauka, alhali akwai tambayar da ya kamata ta riga wannan, wato a wace rana ake nufi. Kusan kowane filin tseren dawaki yana da rana ɗaya, ko mako ɗaya, da jama'a ke yin dafifi a shekara, sauran ranakun kuma mahalarta ba sa kaiwa ko kusa da wancan adadi. A filin Churchill Downs da ke jihar Kentucky ta Amurka, mutum 170,513 ne suka halarci gasar Kentucky Derby ta 2015, amma a ranakun tsere na yau da kullum ɗan kaɗan daga wannan taro ne ke zuwa. Girman ginin, da irin rufinsa, da kayan da za a yi aikin da su, da yawan kujeru, duk suna rataye ne a kan wadda aka sa a gaba cikin ranakun nan biyu.

Kafin a kwatanta hanyoyin da ake bi, ya dace a san abin da ya raba ɗan kallon sukuwa da ɗan kallon ƙwallon ƙafa, domin masu zanen gini da yawa da tunanin filin ƙwallo suke zuwa. Mai kallon ƙwallo yana zama a kujerarsa minti 45, ya tashi sau ɗaya, ya dawo ya ƙarasa. Mai kallon dawaki kuwa ba ya samun zama. Tseren mita 1,200 yana ƙarewa cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, tsakanin tsere da tsere kuma akwai kimanin rabin sa'a, wadda a cikinta mutum zai je dandalin da ake zagayawa da dawaki ya duba lafiyarsu da takunsu, ya biya wurin abinci, ko tagar caca a ƙasashen da doka ta yarda da ita, ya hau rumfa ya kalli tseren, sannan ya sauko ya ga dokin da ya zo na ɗaya ana sauke masa sirdi. Wannan kai-komo zai maimaita shi sau shida ko bakwai a yini guda. Saboda haka matakala da ƙofofi da faɗin hanyoyi suna da nauyi a wannan gini daidai da kujeru, wani lokaci ma fiye da su.

Hanya ta farko ita ce katafaren gini guda da zai haɗiye taron babbar rana gaba ɗaya. Mafi girman misalinsa shi ne Meydan a Dubai, wanda aka buɗe a 2010. Tsawon rumfarsa ya kai kimanin kilomita ɗaya da rabi, an tsara shi don mutum 60,000, kuma a jikinsa akwai otal mai ɗakunan da ke kallon fagen tsere. Ascot ta Ingila ma wannan hanya ta bi: ta rufe ƙofofinta a watan Satumba na 2004, aka kashe kimanin fam miliyan 200, sannan Sarauniya Elizabeth ta biyu ta buɗe sabon ginin a watan Yuni na 2006. Amfanin irin wannan gini a fili yake. Ɗakunan girki da na lantarki da na ma'aikata duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya, ba a biyan kuɗin hayar tantuna da kujeru kowace shekara, akwai hawa-hawa da yawa da za a cika da ɗakunan alfarma waɗanda kamfanoni ke kamawa da tsada, kuma ginin kansa yakan zama abin da ake gane filin da shi a talabijin.

Illarsa ba ta bayyana sai an gama biki an koma ranakun yau da kullum. Mutum dubu biyu ko uku da suka warwatsu a ginin da aka yi domin dubu hamsin ba sa jin ihun juna, dokin da ya ci tsere ya wuce layin ƙarshe cikin shiru, wanda ya zo karon farko kuma ya tafi da tunanin cewa wasan ya mutu. A gefe guda, ginin bai san babu kowa a cikinsa ba: dole a share shi, a yi masa fenti, a gyara na'urorin hawa bene, a biya inshora, a sanyaya ko a ɗumama ɗakunan da ba a shiga. Filin Belmont Park na New York ya ɗanɗana wannan shekaru da dama. Tsohuwar rumfarsa, wadda aka buɗe a 1968, ta haura mita 380 a tsawo, kuma ba ta cika sai ranar gasar Belmont Stakes. A 2024 aka rushe ta, bayan jihar ta amince da rancen dala miliyan 455 domin sake gina filin, sabon ginin da aka zana kuwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na girman tsohon ba.

Hanya ta biyu ita ce jerin rumfuna matsakaita da ake ginawa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon ƙarfin aljihu. Haka yawancin tsofaffin filayen Birtaniya suka girma. Epsom ta buɗe wata rumfa a 1992, ta ƙara wata a 2009, Cheltenham kuma ta kammala rumfar Princess Royal a 2015 a cikin wani aiki na fam miliyan 45. Wannan hanya ba ta tilasta rufe filin, ba ta jefa hukuma cikin bashi mai nauyi lokaci guda, kuma a ranar da jama'a ba su da yawa ana iya kulle rumfa biyu a tara kowa a ta uku. Sai dai wurin da ke fuskantar layin ƙarshe ɗaya ne tak, ginin da ya riga kama shi ya kama, na baya kuma sai ya haƙura da gefe. Ga maimaita kashe kuɗi a kan matakala da banɗaki da ɗakin girki a kowane gini, ga benayen da tsayinsu bai zo daidai ba har a kasa haɗa su da gada, ga kuma babbar matsalar da ba a cika hangowa ba, wato bangon gefen sabuwar rumfa ya tare wa mutanen tsohuwar ganin dawaki suna tahowa.

Hanya ta uku ita ce gini na dindindin mai matsakaicin girma a daidai layin ƙarshe, wanda aka auna shi da taron ranar tsere mai kyau ta yau da kullum, tare da filaye a hagu da dama da aka shirya tun farko domin kafa rumfunan wucin-gadi a babbar rana. Longchamp ta birnin Paris, inda ake gasar Prix de l'Arc de Triomphe, ita ce fitacciyar shaida. An rushe manyan rumfunanta bayan gasar 2015, aka gina guda ɗaya bisa zanen Dominique Perrault wadda ke ɗaukar kimanin mutum 10,000, aka sake buɗe filin a 2018, ranar babbar gasa kuma sai a ƙara da gine-ginen wucin-gadi. Ribar ita ce ginin yana yin kamar a cike yake mafi yawan ranaku, kuɗin kula da shi ya ragu ƙwarai, kuma idan yawan mahalarta ya sauya bayan shekara goma, ƙarin ne zai ƙaru ko ya ragu ba tare da an taɓa siminti ba. Amma akwai farashi. Kuɗin haya da kafawa da kwancewa yana dawowa kowace shekara, jin daɗin wanda ke cikin tanti bai kai na wanda ke cikin gini ba, kuma idan ba a ƙara wuraren abinci da banɗaki daidai da ƙarin mutane ba, sai dogayen layuka, kamar yadda mahalarta suka koka a gasar Arc de Triomphe ta farko da aka yi a sabuwar Longchamp. Ginin wucin-gadi kuma ba abin wasa ba ne. A ranar 26 ga Fabrairu 1918, rumfunan gora da tabarmi da aka kafa a filin Happy Valley na Hong Kong suka rufta a kan masu dafa abinci a ƙarƙashinsu, wuta ta tashi, mutum fiye da 600 suka rasu. Kayan yau na ƙarfe ne, ba su da alaƙa da na wancan zamani, amma darasin yana nan: abin da za a kwance bayan mako guda yana buƙatar lissafin injiniya da binciken hukuma daidai da abin da zai shekara hamsin.

A ganina hanya ta uku ce ta fi dacewa da mafi yawan filaye, muddin aka zuba harsashi, aka binne bututun ruwa da wayoyin wuta da magudanai a wuraren ƙarin tun lokacin babban aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Hanya ta farko tana da hujja a wurare biyu kawai: inda jama'a ke zuwa da yawa mako bayan mako, kamar Sha Tin da Happy Valley a Hong Kong ko manyan filayen Japan, da kuma inda gwamnati ko wani attajiri ya ɗauki ginin a matsayin tallar ƙasa, ba ya jiran kuɗin tikiti su biya shi. Ta biyu kuwa ta wanda ya gāji gine-gine masu ƙwari ce, waɗanda rushe su zai zama asara.

Ko wace hanya aka ɗauka, abin da ke ɗaukaka rumfa ko ya kashe ta shi ne layin gani, kuma a nan ne ya kamata hukuma ta fi tsananta wa mai zane. Masana suna auna shi da tazarar da ke tsakanin idon mutumin da ke gaba da layin da ya tashi daga idon na bayansa zuwa wurin da ake kallo. Kundin ƙa'idojin tsaron filayen wasanni na Birtaniya, wanda aka fi sani da Green Guide kuma aka fara buga shi a 1973, shi ne yawancin masu zane ke dogara da shi ko a wajen ƙasar. A sabon gini ana neman tazarar kada ta gaza milimita 90, milimita 120 kuwa ita ce gani mai kyau, sannan a filayen sukuwar da 'yan kallo ke sa dogayen huluna akan kai ta milimita 150. Kowane sahu da aka ƙara a baya yana buƙatar tashi fiye da wanda ke gabansa kafin tazarar ta tsaya yadda take, shi ya sa dakalan rumfa mai kyau suke lanƙwasa sama sannu a hankali maimakon su tafi a miƙe. Akwai kuma iyaka, domin gangaren wurin zama bai kamata ya wuce digiri 34 ba, in ya wuce sauka ta zama haɗari.

Wannan lissafi an gina shi ne a kan mutumin da ke kallon gabansa, mai kallon dawaki kuwa mafi yawan tseren gefe yake kallo. Dawakai suna fitowa daga kwana ta ƙarshe ɗaruruwan mitoci daga hagunsa ko damansa, suna gudun da ya kai kilomita 60 a sa'a, kowa kuma ya miƙe tsaye ya karkata wuri ɗaya. A wannan lokaci kan maƙwabcin da ke gefe ne ke tare gani, tare da ginshiƙi, da bangon matakala, da firam ɗin gilashi, da duk wani kanti da aka kafa a gaban rumfa. Magani biyu ake da su. Na farko a karkatar da ginin kaɗan, yadda ƙarshensa na wajen da dawaki ke fitowa zai ja baya daga shingen fage, sai kowane mai kallo ya leƙa ta gaban na kusa da shi. Na biyu a ja dukan ginin baya, a kuma ɗaga shi. Karkatarwa ta fi araha kuma tana barin mutane kusa da dawaki, sai dai tana cin fili a baya. Ja da baya yana ba da ganin dukan zagayen fage, amma yana nisanta mutum da ƙarar kofato, wadda ita ce abin da talabijin ba ta iya ba shi.

Abin da ya faru a Ascot ya isa gargaɗi. Da aka buɗe sabuwar rumfar a 2006, waɗanda ke manyan benaye sun ga komai, amma jama'ar da ke hawa na ƙasa da kan ciyawar gaban gini suka koka cewa ba sa ganin tseren sosai, har sai da aka sake kashe kimanin fam miliyan 10 kafin gasar shekara mai zuwa domin ɗaga wuraren tsayuwarsu. Kuskure ne mai sauƙin aukuwa, tun da hankalin mai zane da na hukuma yakan tafi ga benayen da ke kawo kuɗi, filin gaban rumfa kuma a bar shi a shimfiɗe. Ya kamata wannan fili ya gangara zuwa shinge, kuma a gwada ganin daga kowane sashe a kwamfuta da mutane a tsaye, masu tsayi daban-daban, suna kallon gefe. Zai fi kyau ma a kafa ɗan dandamali na gwaji a ainihin wurin a ranar tsere, shugabannin hukuma su hau su gani da idonsu kafin a sa hannu a kwangila.

Daga nan sai rabon wuri tsakanin dakalan tsayuwa, da kujeru, da ɗakunan gilashi. Dakalan tsayuwa sun fi kowane ɗaukar mutane, kundin da aka ambata ya yarda har mutum 47 a kowane murabba'in mita 10 inda aka kafa ƙarafan tare turereniya yadda ya dace, kuma sun fi dacewa da ɗan kallon da zai hau minti biyar ya sauka. Kujera tana cin wuri kusan ninki biyu, tana rage saurin fita daga sahu, amma dattawa da masu iyali ba sa yi sai da ita, kuma ana iya sayar da ita da lamba. Ɗakin gilashi mai teburin cin abinci shi ne ke kawo kuɗi mafi yawa a kan kowane mutum, shi ne kuma ake haya don taro ko biki a ranakun da babu tsere. Aibinsa shi ne yana kashe sauti, yana raba masu kallo da fage. Tsarin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne dakalan tsayuwa a ƙasa, kujeru a tsakiya, ɗakunan alfarma a sama, kowane ɗaki da barandarsa a waje. Masu keken guragu kuma a ɗaga dandamalinsu yadda ganinsu ba zai toshe ba idan na gabansu suka miƙe, abin da tabbas za su yi a mita ɗari biyu na ƙarshe.

Fuskar da ginin zai kalla ba ta da tsada a takarda, amma ba ta gyaruwa bayan an gina. Yawancin tsere da rana zuwa yamma ake yi, don haka ana son rana ta kasance a bayan 'yan kallo. Rumfar farko ta Churchill Downs, wadda aka buɗe a 1875, tana sa mutane su fuskanci ranar yamma, shi ya sa da aka tashi gina sabuwa a 1895, mai tagwayen hasumiyoyin da suka zama tambarin filin, aka kai ta ɗaya gefen fagen. Sai dai rana a bayan gini tana nufin inuwar gini a kan fage, kuma doki yana iya ɗaukar gefen inuwa a matsayin rami ko shinge. A gasar Breeders' Cup Sprint ta 1990 a Belmont Park, dokin nan Dayjur yana kan gaba dab da layin ƙarshe sai ya tsallake inuwar da ta faɗo daga rumfa, ya rasa takunsa, goɗiyar nan Safely Kept ta wuce shi da tsawon wuya. Dogon gini da ke kusa da shinge yana kuma hana ciyawa hasken rana, yana jinkirta bushewar ƙasa bayan ruwa da narkewar ƙanƙara a ƙasashe masu sanyi, har wani sashe na fagen ya bambanta da saura a ƙarƙashin kofato. Wannan wata hujja ce da ke ƙara rinjayar da mutum zuwa ga gini marar tsayi sosai. Inda ake tsere da dare ƙarƙashin fitilu, kamar Meydan, batun rana ya ragu, sai a koma ga hana fitilun haske idon mahaya da na 'yan kallo.

A batun rufi, zaɓin yana tsakanin wanda ginshiƙai ke tallafe da shi a gaba da wanda ke rataye daga baya ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a gaban masu kallo ba. Mai ginshiƙai ya fi araha nesa, ƙarfensa bai kai na ɗayan nauyi ba, harsashinsa ma haka. Amma ginshiƙin da ke tare wa mai kallon ƙwallo ɗan yanki kaɗan, idan aka kalle shi daga gefe a jere da 'yan'uwansa sai ya zama kamar shinge, kuma an riga an ga cewa gefe ake kallo. Rufi mai rataye ba sabon abu ba ne. A filin Zarzuela na Madrid, wanda aka buɗe a 1941, injiniya Eduardo Torroja ya miƙa rufin kankare kusan mita 13 a sarari, kaurinsa a baki bai wuce santimita 5 ba, kuma yana nan har yau. Kowace mita da aka ƙara wa irin wannan rufi tana ƙara kuɗi fiye da wadda ta gabace ta, don haka hikimar ita ce a rufe kujeru duka da rabin dakalan tsayuwa, a tuna kuma cewa ruwan da iska ke korawa yana jiƙa sahun gaba ko da bakin rufi ya wuce kansu. Akwai tsaka-tsaki mai kyau, wato a sa ginshiƙan a bayan sahu na ƙarshe, ko a riƙe rufin da igiyoyin ƙarfe daga sama.

Babban abokin gabar rufi shi ne iska, domin filin sukuwa fage ne buɗaɗɗe marar abin da zai kare ta, kuma ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi daga ƙasa. A watan Janairu na 2012 guguwa ta yaye wani sashe na rufin sabuwar rumfar Epsom wadda ba ta cika shekara uku da buɗewa ba. A Curragh ta ƙasar Ireland kuma, bayan buɗe sabuwar rumfa a 2019, sai aka riƙa jin rufin yana fito idan iska ta kaɗa. Gwajin ƙaramin samfurin ginin a ɗakin gwajin iska kuɗi ne kaɗan idan aka kwatanta da irin waɗannan gyare-gyare.

Kayan gini ba sa buƙatar doguwar muhawara. Kankare yana jure wuta da ruwa, ba ya girgiza idan dubban mutane suka yi tsalle lokaci guda, amma zuba shi a wurin aiki yana cin lokaci. Ƙarfe yana da saurin haɗawa, yana tsallake tazara mai faɗi, sai dai yana son fenti ko rufin hana tsatsa akai-akai, musamman kusa da teku, kuma dole a lissafa girgizarsa a benen da ke rataye. Abin da aka fi yi yanzu shi ne haɗa biyun: dakalan kankare da aka zuba a masana'anta aka kawo a mota, a kan ƙashin ƙarfe ko na kankare, da rufin ƙarfe. Katako na zamani da ake mannawa a masana'anta ya dace da rufin ƙaramar rumfa, kuma ya bambanta da tsofaffin allunan da suka ci wuta a filin ƙwallon Bradford a 1985 inda mutum 56 suka rasu, ko rumfar Arlington Park ta kusa da Chicago da ta ƙone a wannan shekarar. Duk da haka, a ƙarƙashin ƙafafun taro, inda ɗakunan girki suke, kankare ya fi kwanciyar hankali.

Wurin da za a sa dandalin zagayawa da dawaki shi ne ke tsara tafiyar jama'a. Idan yana gaban rumfa, kamar a Meydan, mutum yana ganin dawaki kafin tsere da bayansa ba tare da ya bar wurinsa ba, cunkoso ya ragu, amma ginin ya ƙara nisa da fage, kuma wanda bai motsa ba ba ya sayen komai. Idan yana baya, kamar a Ascot da Longchamp, ginin ya zama mai fuska biyu, jama'a suna ratsa cikinsa sau biyu a kowane tsere, suna wuce wuraren ciniki, bayan ginin ma yana samun barandu masu daraja. Sharaɗinsa shi ne hawa na ƙasa ya zama a buɗe, da mashigai masu faɗi da yawa, kuma hanyar dawaki zuwa fage ta bi ta ƙarƙashin gini ko ta gefe, kada ta gitta ta mutane. Ana lissafa faɗin da alƙaluma sanannu: kimanin mutum 82 ke wuce faɗin mita ɗaya a minti guda a daben da yake shimfiɗe, 66 kuma a kan matakala, kuma ana son kowa ya iya barin wurin kallo cikin minti 8, ƙasa da haka sosai idan haɗarin gobara a ginin yana da yawa. A filin sukuwa ya kamata a wuce wannan ƙa'ida, domin a nan mutane suna tafiya ta fuska biyu lokaci guda, masu hawa suna karo da masu sauka. Abu ɗaya da ba ya karɓar sassauci shi ne ɗakin alƙalai da kyamarar tantance wanda ya riga, waɗanda dole su kasance daidai kan layin ƙarshe kuma a sama. Daga wannan ɗaki ake fara zane, sauran ginin ya biyo baya.

Saura tambayar yadda za a gudanar da aikin. Rufe fili gaba ɗaya yana ba ɗan kwangila sarari, aikin ya yi sauri kuma ya fi araha, amma dole a sami inda za a kai babbar gasa. Ascot ta kai tata York a 2005, Longchamp ta kai tata Chantilly a 2016 da 2017, Belmont kuma ta koma Saratoga a 2024 da 2025, kuma dukansu suna da filin da zai karɓe su a ƙarƙashin tsarin tsere ɗaya. Filin da ba shi da irin wannan maƙwabci, ko wanda kuɗin shigarsa na shekara ya dogara da mako guda, gara ya bi tsarin Cheltenham da Churchill Downs, inda ake rushewa da zarar an gama babbar gasa, a yi aiki tsakanin gasa da gasa, a miƙa sashen da aka kammala kafin ta zagayo. Wannan yana ƙara kuɗi da watanni, yana kuma tilasta a rubuta a kwangila ranakun da za a dakatar da injina da masu ɗaga kaya, domin dawakan da ke atisaye da safe ba sa jure ƙarar da ba su saba da ita ba.